Sarauniya Da Harshen Faransa: Wa Malamin Adabi Ke Yi Wa Aiki?

Tambaya ce da ake yawan jefa wa duk wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen nazarin adabin Afirka na Faransanci: shin halal ne mutum ya ci abinci da harshen waɗanda suka ci ƙasar kakanninsa da wuta? A Legas ko Ibadan ana iya ɗaukar tambayar a matsayin muhawarar zauren taro. A Nguru da Gashuwa kuwa ta fi haka nauyi, domin ƙasar da Faransa ta mallaka tana nan arewa da mu, tafiyar 'yan sa'o'i, kuma Mangawa da Hausawa da Fulanin can dangin na nan ne. Iyakar da Ingila da Faransa suka kafa wa turaku tsakanin 1906 da 1908 ita ce ta sa ɗan wa ya tashi da Ingilishi, ɗan ƙane da Faransanci.

Masu suka suna da hujja, bai kuwa kamata mu raina ta ba. Ngugi wa Thiong'o ya bayyana ta a littafinsa Decolonising the Mind na 1986, inda ya nuna cewa marubucin da ke rubutu da harshen Turawa gonar wani yake nomewa. Bahaushe ma ya riga shi, da ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Ga shi kuma ita kanta Nijar, a shekarar 2025, ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. To, in masu abu sun sassauta riƙo, mu 'yan karere me muke nema?

Amsarmu tana cikin littafi guda. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta nufi Tafkin Chadi, tana ƙone garuruwa tana karkashe mutane. Abin da ta yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. A Lugu, cikin ƙasar Arewa, Sarauniyar Azna ta ƙi miƙa wuya. Hafsoshin Faransa sun ambace ta a rubuce-rubucensu a taƙaice, da sunan maita da tsafi. Sai a 1980 Abdoulaye Mamani, ɗan gabashin Nijar, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya ɗanɗana gudun hijira da kurkuku, ya fitar da ƙagaggen labarinsa Sarraounia, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986. Sunan littafin Hausa ne, mutanen cikinsa Hausawa ne, zafin da ke cikinsa namu ne, amma jimlolinsa na Faransanci ne. Ɗalibin Gashuwa da bai iya harshen ba, labarin gidansu ne aka kulle masa a ɗakin baƙo. Wanda ya koya masa Faransanci mabuɗi ya ba shi.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Mamani bai rubuta tarihi ba. Ya ɗauki 'yan guntayen da ya samu ya gina jaruma, domin ƙasarsa na bukatar jaruma a lokacin. Manazarta sun nuna cewa Sarauniyar littafi ta sha bamban da wadda mutanen Lugu ke tunawa. Saboda haka malamin da ya tsaya ga yabon littafin kurum, yana murna an rama wa kura aniyarta, bai sauke nauyinsa ba. Aikinsa shi ne ya ɗora littafin a gefe, rahoton sojan Faransa a gefe, abin da bakin tsofaffi ya riƙe a gefe, ya bar ɗalibi ya ga inda kowanne ya yi ƙari da inda ya yi shiru. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ga mai harsuna biyu. Baturen jami'ar Faris yana da ɗaya. Mu ke da biyun, in mun yarda mu yi amfani da su.

Abin takaicin shi ne sau da yawa ba ma yarda. Tsarin ƙarin girma a jami'a ya fi ganin ƙimar maƙalar da aka buga a mujallar ƙetare, wadda ba mai karantawa a Nguru, a kan fassarar da za ta shiga hannun malamin firamare. Sai mutum ya kai farfesa yana sharhin yadda Ahmadou Kourouma ya tanƙwara Faransanci ya saka masa ƙashin Malinke a Les Soleils des indépendances na 1968, alhali bai taɓa juya shafi ɗaya zuwa harshen da ya sha a nono ba. A ganinmu laifin da ya cancanci tuhuma ke nan, ba koyon Faransancin ba. Wasiƙar Mariama Ba ta 1979 a kan takaba da kishiya, wace mace ce a Bade ko Machina za ta ji ta baƙuwa?

Gwamnatin Abacha ta ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a 1996, maganar ba ta wuce takarda sosai ba. Jirgin ƙasa ya iso Nguru tun 1930, ya yi ta kwasar gyaɗa da fatu da dabbobi, har da na ƙetaren iyaka, amma littattafan maƙwabta ba su biyo hanyar ba. Yanzu Gashuwa na da jami'ar tarayya tun 2013, kuma yaran da ke shiga ajujuwanta, da yawansu suna da kawu ko gwaggo a Maine-Sorowa ko Damagaram.