Laifin Wa Ne Tsadar Masara?

Jama'a, wani manomi a Lafagu ya tambaye ni: tun da naira ta faɗi a 2023, masu sefa daga Benin sun fi sayen masararsa da daraja. In ya sayar musu, ya yi zunubi?

Na ce ban ga zunubi ba. Ko Manzon Allah (SAW) da aka roƙe shi ya ƙayyade farashi a Madina, bai yi ba. Wanda nake jiye wa tsoro shi ne mai tare manomi a hanya tun bai ji farashin kasuwa ba, ya saye, ya kulle a sito sai yunwar damina ta matsa. Duka biyun Shari'a ta hana.

Ya yi shiru. Ya ce, "Malam, ai shi ya ba ni bashin taki."