Riga Ce Ke Cin Tuwo, Ko Mai Rigar?

Wata gardama ce da ta tashi a ɗakinmu na kwana ta jawo wannan rubutu. Wani abokinmu ne ya nuna mana hoton ɗakin cin abinci na wani ƙaton jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, maza duk sun sha baƙaƙen kwat da lakataye, mata kuwa sun ja dogayen riguna har ƙasa. Ya ce wai a irin wannan dare, ko nawa ka biya, in ba ka yi wannan shiga ba, ba za a bar ka ka zauna a tebur ba. Nan take ɗaki ya rabu biyu. Waɗansu suka ce ai wannan shi ne tsari, abin da muka rasa ke nan. Waɗansu kuma suka ce girman kan Turawa ne kurum, ina ruwan ciki da abin da aka ɗaura a wuya? Ni dai na ja bakina na yi shiru, domin maganar ta fama mini wani miki wanda zan zo kansa nan gaba. Amma tun ran nan nake juya tambayar a raina: shin yaushe ne ya halatta a hana mutum zama wurin cin abinci saboda tufafin da ke jikinsa?

Bari mu fara da jirgin, tun da shi ya tayar da ƙurar. Kamfanin Cunard na Ingila yana da jirgi mai suna Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, yana ratsa teku tsakanin Ingila da Amurka, tafiyar kwana bakwai. Da rana kowa yana sa abin da ya ga dama. Da ƙarfe shida na yamma ta yi sai doka ta sake, a ajiye gajeren wando da silifa. Akwai kuma darare na musamman waɗanda a cikinsu namiji ba ya shiga babban ɗakin cin abinci sai da cikakkiyar kwat. To amma, mai karatu, riƙe wannan da kyau: wanda bai so, akwai wani ɗakin dabam inda mutum ke ɗaukar faranti ya zuba abin da yake so da hannunsa, ba mai kwana da yunwa. Har ma akwai kamfanin Norwegian wanda tun 2000 ya daina tilasta wa fasinjojinsa irin wannan ado. Al'adar kuwa ba baƙuwa ba ce ga ƙasar nan. Daga 1951 zuwa 1974 jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster yana zirga-zirga tsakanin Ingila da Ikko, ya biya ta Saliyo da Gana, tafiyar kusan mako biyu, kuma 'yan Nijeriya da yawa masu zuwa karatu a cikinsa suka tafi. An raba shi aji-aji kamar sauran jiragen zamanin, a babban aji kuwa ba a zuwa cin abincin dare da kayan da aka wuni da su.

Ga abokaina masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce kaɗai, sai in ce su yi haƙuri, ba su duba gida ba. Wa ya taɓa shiga gaban sarki da takalmi, ko da kai ba hula? A Kano rawani mai kunne biyu na 'yan gidan sarauta ne, ko kai ne attajirin gari ba ka naɗa shi. Alkyabba ma ba kowa ke yafa ta ba. Alhaji kuwa, kome sarautarsa, tilas ya tuɓe ya ɗaura harami. Ashe mu ma mun yarda wuri yana da haƙƙi a kan jikin mai shigarsa. Kakanninmu ne suka ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura.

Zan ma ƙara wa masu goyon bayan jirgi hujjar da su ba su kawo ba. A garinmu Tudun Wada, a unguwarmu, har yanzu ana ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci za a fito masa da kwanonsa ƙofar gidan babban unguwa, a shimfiɗa tabarma, a haɗa, a ci na wannan a koma na wancan. Daɗin abin ba a tuwon mutum ɗaya yake ba, a haɗuwar yake. To haka daren ado yake a jirgi. Mutumin da ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya kai matarsa wannan tafiya, ba nama da dankali kaɗai ya biya ba, ya biya ne don ya zauna cikin taron da kowa ya ƙawata shi. Kyan ɗakin na jama'a ne, kowa ya kawo nasa kason a jikinsa. Wanda ya shigo da singileti ya baje yana kallon adon mutane, daidai yake da magidancin da ke zuwa ciyayya kullum da wankakken hannu, alhali an san tukunya ta hau a gidansa. Yana cin na kowa, ba a cin nasa. Irin wannan in an ce masa ya koma ya sake shiga, ban ga zalunci a ciki ba, bale ga shi tun kafin ya sayi tikiti an gaya masa sharaɗin. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski.

Sai dai fa misalin nan nawa yana da iyaka, kuma a iyakar tasa ne maganar take. A wurin ciyayya an san kowa. An san wanda ya ƙi fito da kwano don rowa, an kuma san wanda rumbunsa ya ƙare cikin marka, matarsa ba ta ɗora kome ba. Na farkon ana yi masa habaici har ya ji kunya. Na biyun kuwa in bai fito ba yaro ake aikawa a kira shi, a ce ana nemansa da wata magana, don kada ya ji nauyi, in ya zo a ce masa bismilla. Dokar tufafi ba ta da wannan ido. Mai tsaron ƙofa ƙyalle kawai yake gani, bai iya rarrabe “na ƙi” da “ba ni da shi” ba, bale ya gane na uku, watau mai cewa “ina da shi amma zuciyata ba ta yarda in sa ba”. Abin da ya sauƙaƙa lamarin jirgi shi ne, da wuya a sami wanda ya iya biyan kuɗin tafiyar ya kasa sayen kwat, sa'an nan wanda aka mayar daga ƙofar nan yana da wata ƙofar. Hasararsa ba ta wuce ta dare ɗaya ba.

Yanzu sai mu sauka daga teku mu zo tudu. Duk mai bin hanyar Tiga ya san Bagauda, a ƙasar Bebeji, inda gwamnatin Audu Bako ta yi madatsar ruwa da ƙasaitaccen masaukin baƙi a bakinta. Yau wurin reshe ne na Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko bisa dokar 1962. In kana wucewa za ka ga ɗalibanta, fari da baƙi kamar hankaki, cikin ranar nan tamu ta bazara. A wannan makaranta, kowane reshe nata, ɗalibi ba ya zama lauya sai ya halarci liyafar cin abinci guda uku tare da dattawan lauyoyi, cikin baƙar kwat da farar taguwa da baƙin takalmi, mace kuma da irin nata. An gaji abin ne daga tsofaffin zaurukan lauyoyi huɗu na birnin Landan, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ƙidaya wa ɗalibi yawan abincin daren da ya ci a zaure kafin a yarda da shi. Hikimar ba ta ɓoyu ba. Yaro ya zauna da manya ya ga yadda ake zama, kuma baƙar kwat ta daidaita ɗan minista da ɗan manomi, yadda harami ke yi. Wannan na yarda da shi.

Amma dubi bambancinsa da jirgi. A nan babu ɗaki na biyu. Wanda aka mayar daga wannan tebur ba abincin dare ya rasa ba, sana'ar da ya yi shekara biyar a jami'a yana nema ce take neman kuɓuce masa. Saboda haka nauyin da ke kan masu kafa dokar ya ninka na mai jirgi, tilas su tambayi kansu kowane ƙyalle da suka wajabta ko suka hana, me yake tsarewa? Mun ga wannan a fili a Disamba 2017, sa'ad da aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja domin ta ƙi cire hijabin da ta sa ƙarƙashin hular gashin nan ta lauyoyi. Ba liyafa ba ce ranar, amma dokar shigar gidansu ɗaya. Aka yi ta ka-ce-na-ce a ƙasa, daga baya majalisar dattawan lauyoyin ta sassauta, aka rantsar da ita a Yuli 2018 da ɗan ƙaramin hijabinta, kuma ba mu ji kotu ta rushe ba. Wata bakwai na rayuwar mutum suka tafi kafin a gane ƙyallen bai rage wa zauren kome ba. Abin dariya ma, su masu hular gashin, tun 2008 alƙalansu suka daina sa ta a shari'un da ba na laifi ba, mu kuwa muna nan muna gumi a cikinta.

To ga mikin da na ce zan zo kansa. Bara aka yi bikin wata 'yar'uwata a birni. Kawuna, yayan mahaifiyata, manomin masara ne a ƙasar Doguwa, can bayan dajin Falgore, kuma shi ne wan uban amarya, don haka shi ya yi waliyyi. Da safe shi ya karɓi sadaki a gaban jama'a, shi ya ce ya bayar. Buhunan da aka dafa wa baƙi kuwa rabinsu daga rumbunsa suka fito. Dattawa irinsa ba su zuwa dina, kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya tuna ya ba shi kati. Amma da dare sai ya kira ni ya ce, “Ɗan nan, kai ni wurin nan da kuke ta faɗa, in sa wa yarinyar nan albarka, da asuba zan kama hanya.” Yana sanye da rigarsa ta Juma'a, shuɗiya, ta sha wanki da bugu har ta fara kodewa a kafaɗa. Ni kuwa ina cikin anko, farar shadda da hula kalar da aka zaɓa, wanda sai da na taɓa kuɗin makarantata kafin na ɗinka.

A ƙofa wani ƙato ya sa hannu ya tare shi. Ya ce, “Baba, yi haƙuri, sai mai kati ko mai anko.” Na ce masa wannan fa shi ne uban amarya. Ya dubi rigar, ya dubi takalman roba, ya ce tun ɗazu uban amarya na huɗu ke nan da ya zo masa. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, an sa shi ne ya hana 'yan cin banza, kuma ƙyalle kaɗai aka koya masa dubawa. Na buga waya ba a ɗauka ba, kiɗa ya cika wurin. Na ce, “Kawu, tsaya nan in shiga in kira wani.” Ni aka buɗe wa ƙofa ba tambaya, ni da ban kawo ko tiya ɗaya ta masara ba.

A nan ne nake jin kunyar ci gaba da labarin. Da na shiga na tarar ana tsakiyar shigowar ango da amarya, ba damar isa wurin kowa. Abokai suka ja ni tebur, aka ajiye mini faranti. Na ce bari in ɗan jira a gama wannan. Ban san minti nawa na yi ba, amma na san na ci kaza.

Shi ya sa da abokaina suke ta zagin Turawan jirgi na kasa sa baki. Su dai sun faɗi sharaɗinsu tun kafin a biya, sun kuma tanadi wani ɗaki ga wanda bai bi ba. Mu mun ari dinar, mun ari mai tsaron ƙofar, muka ɗora anko a kai, wanda asalinsa alama ce ta cewa mu dangi ne, muka mai da shi abin tantance dangi. Ba mu tanadi ɗaki na biyu ba, kuma ba mu bar kowa a ƙofa wanda ya san fuskokin mutane ba, irin yaron nan da ake aikawa a wurin ciyayya. Ankon ma da ake cewa yana daidaita mai shi da maras shi, ban ga haka ba. Harami kowa yana iya saye. Shadda kuwa aji-aji ce kamar ɗakunan Aureol, fara ce duka, amma daga nesa ana gane ta dubu goma da ta dubu ɗari.

Da na fito da ƙanin amarya a bayana, ba mu tarar da Kawu a ƙofa ba. Can tsallaken titi muka hango shi a bencin mai shayi, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, yana tsoma burodi, suna ta hira da mai shayin a kan tsadar taki. Ƙanin amarya ya durƙusa yana ba da haƙuri, ya ce a zo a shiga yanzu. Kawu ya ce a'a, ya riga ya ƙoshi, a gaya wa yarinya Allah ya ba da zaman lafiya. Sa'an nan ya dube ni sama da ƙasa, ya kama gefen shaddata ya murza da yatsu biyu kamar mai tayawa a kasuwa, ya tambaye ni nawa na saya. Na gaya masa. Ya yi shiru yana lissafi, ya ce buhu biyu ke nan da ɗan kai. Ya biya kuɗin shayinsa da kansa, ya hana ni sa hannu a aljihu, ya ce in tashe shi kafin kiran assalatu kada motar Doguwa ta farko ta bar shi.