RUWAN GULBI NA WA NE?

Birnin Kebbi, wanda ya zama babban birnin jiha a 1991, yana zaune a bakin tudu, yana duban fadama. Gulbin Rima ya kan gamu da na Sakkwato kusa da Wamakko, su gangaro tare ta Argungu, su bi ta gindin birnin, kāna su faɗa Kwara. A nan gulbin ba ya bin hanya ɗaya. Ya kan rarrabu rassa rassa, ya bar tsibirai a tsakani, waɗanda mutanen ƙasar su ke kira gungu. Da damina ruwa ya kan shanye waɗansu; da ya janye sai ya bar laka mai kyau domin shinkafa, da tafkuna cike da kifi.

To, 'yan'uwa, ruwan nan na wa ne? Na wanda ya fara isa ƙofarsa, ko kuwa na dukan waɗanda ya ke ratsa ƙasarsu?

Kabawa sun daɗe da ba da amsa a wurinsu. A Matan Fada, inda a ke bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, Sarkin Ruwa ya kan hana su sai ranar da aka buɗe. Masunci yana ganin ruwan da ya san akwai giwan ruwa a ciki, homarsa tana rataye a gida, 'ya'yansa suna bukatar miya, duk da haka ya haƙura. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Amma mu lura, wanda ya ke haƙuri dominsa ɗan garinsu ne, gobe za su gamu a kasuwa. Kunya tana taimakon adalci ƙwarai sa'anda ido yana ganin ido.

Da wanda ba mu gani fa? An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuwa a kan Rima a 1984. Ba mu ce an yi mugunta ba, gama mutanen can su ma suna ƙishi, suna so su yi noman rani. Amma ambaliyar da manoman fadama su ke dogara gare ta ta ragu a waɗansu wurare, kifi ma haka. A 2010 kuma ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, ya ci ƙauyuka da gonaki har cikin Jihar Kebbi. Watau mai gona a gungu, ranar rashi shi ne, ranar yawa ma shi ne, ba a kuwa taɓa tambayarsa ba.

Waɗansu za su ce, ai ruwan da ya faɗi a ƙasarmu namu ne. Mu dai ba mu yarda ba. Lakar da ta ke ciyad da Argungu daga ƙasar Zamfara da Katsina da Maraɗi ta fito, ba wanda ya biya kuɗinta. Wanda ya karɓa kyauta daga sama da shi, da wane baki za ya hana na ƙasa da shi?

Kada kuwa mu na Kebbi mu ɗauka mu kaɗai a ke bi da laifi. Duk wanda ya kafa injin ban ruwa a bakin gulbi a Birnin Kebbi, ko ya tare wani reshe domin shinkafarsa, shi ma yana gaban mutanen Bunza, ruwan da ya rage masa su ke jira.