Amanar Asusun 'Yan Kasuwa

Ya ku 'yan'uwa na Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari, ku sani ɗan asusun nan da ƙungiyarku ta kafa domin jinyar marar lafiya, da agaza wa marayun abokan sana'a, da tallafar wanda jarinsa ya karye, amana ce wadda za a tsayar da shugaba da magatakarda da ma'aji a kanta ranar hisabi, ko da babu wanda ya tuhume su a duniya.

Galibi kunya ke kashe irin wannan asusu tun kafin ɓarawo ya kai gare shi. Babban Alhaji ya ranci kuɗin marayu don ya fanshi dilolin atamfarsa, ma'aji ya ji nauyin ce masa ya sa hannu, shekara ta kewayo ba a karanta lissafi ba, domin duk wanda ya ce a fito da littafi sai a ce ya ci mutuncin dattawa. Alhali kuwa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma a kan Sahabbai ta fara sauka, waɗanda suka fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba. To, wane ne Alhaji da zai fi ƙarfin alƙalami?

Wanda ya ga gobarar da ta cinye dubban shaguna a Sabon Gari cikin Maris 2016, ko ambaliyar da ta jiƙa kayan Kwari a daminar 2022, ya san musiba idan ta sauka a kasuwa, masu zubi gaba ɗaya kan wayi gari mabukata, kuma a ranar sunayen waɗanda ake bi bashi ba sa sayen kwanon shinkafa. Saboda haka wajibi ne a keɓe wani kaso a banki, wanda ba ya fita sai da sa hannun mutum uku, a rage walima da buga kalanda. Zakka kuwa, in an damƙa muku ita, kada ta gauraya da kuɗin zubin wata-wata, domin Suratut Tauba ta ƙayyade mata masu haƙƙi takwas, kuma hayar ofis ba ta cikinsu.

Malam ma'aji, a taro mai zuwa ka zo da littafi da rasit tun ba a tambaye ka ba. Ku kuma masu zubi, ku zauna har a gama karantawa. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.