BAƘUWA A GIDANKA: TUNAWA DA KATARINA MULGRAVE, MATAR AURE DA UWA

Ya kai mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin masu bincike tukuna, ga wata tambaya da ta kamata ka amsa a zuciyarka kafin ka ajiye wannan 'yar takarda. Idan mace ta baro ƙasarsu da danginta, ta zo zaman aure a cikinku, ba ta jin harshenku sosai, ba ta kuwa da wa ko kawu a kusa wanda zai tsaya mata, yaya za ka yi da ita? Mutane sukan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato baƙo ba ya daɗewa, da rana ta ɗaga sai ya bushe. Amma matar aure ba raɓa ba ce. A nan za ta haihu, a nan za ta tsufa, galibi kuma a nan za a binne ta. Domin ka san abin da Ubangiji yake bukata gare ka cikin wannan al'amari, bari mu tuna da ran wata baiwar Allah wadda ta yi baƙunci tun tana yarinya har ta koma ga Mahaliccinta.

YADDA AKA RABA TA DA GIDA

An haife ta a ƙasar Angola wajen shekara ta 1827, sunanta na yanka kuwa Gewe. A cikin 1833, tana 'yar ƙarama, masu fataucin bayi suka sace ta a bakin teku, suka sa ta cikin jirgin 'yan Fotugal wanda ya nufi tsibirin Kiyuba. Jirgin bai kai ba, gama ya faɗa kan duwatsu kusa da tsibirin Jamaika, wanda yake hannun Ingila a lokacin. Ingila kuwa ta riga ta hana cinikin bayi tun 1807, saboda haka waɗanda suka tsira daga ruwa aka 'yanta su. Gwamnan tsibirin da matarsa suka ɗauki yarinyar, aka ba ta sunan gidansu, ta zama Katarina Mulgrave. Da gwamna ya koma Ingila a 1834, sai aka bar ta a hannun masu bi na ikilisiyar Morabiya, suka koya mata karatu da Maganar Allah, daga baya kuma ta koyi aikin malanta a birnin Kinston.

Ka lura fa, kada ka ce satar nan alheri ce domin ƙarshenta ya yi kyau. Satar mutum zunubi ne mai girma, waɗanda suka aikata shi kuma za su ba da lissafi. Sai dai Allah yana da ikon fitar da alheri daga cikin muguntar mutane, kamar yadda ya yi da Yusufu sa'ad da 'yan'uwansa suka sayar da shi zuwa Masar.

YADDA TA KOMO AFIRKA

A waɗannan kwanaki jama'ar mishan ta Bazel, a ƙasar Suwizalan, tana aikin bishara a Gwalkwas, ƙasar da ta zama Gana a 1957. Tun 1828 suke aiko da mutane, amma zazzaɓi yana ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, mutanen ƙasa kuma suna ganin addinin nan na Turawa ne kaɗai. Saboda haka aka aiki wani mai wa'azi, Andreas Riis, zuwa Jamaika, domin ya nemo masu bi baƙaƙen fata waɗanda za su zauna tare da mutanen ƙasa, a ga bangaskiyarsu da ido. Tare da shi akwai wani malami, George Thompson, haifaffen Afirka wanda ya girma a Turai. Shi ne ya auri Katarina a 1842. A cikin 1843 suka sauka a Osu, kusa da Akra, tare da mutum 24 daga tsibiran nan.

Shekarunta wajen 16 ne a lokacin. Ta komo Afirka, gaskiya ne, amma ba gida ta komo ba, gama tsakanin Angola da Akra tafiya ce mai nisa ƙwarai, harshe dabam, abinci dabam, al'ada dabam. Fatarta irin ta mutanen gari, bakinta kuwa na baƙi. Duk da haka ba ta zauna a ɗaka tana kukan zuci ba. Ta koyi harshen Ga, ta buɗe makarantar 'yan mata a Osu, tana koya musu karatu da ɗinki da tsoron Allah.

BAƘIN CIKI A CIKIN GIDA

Ta haifa wa mijinta 'ya'ya biyu. Amma mijin bai riƙe alkawarin aure ba. Ya faɗa cikin zina, har abin ya tonu, aka raba auren a 1849, 'ya'yan suka zauna a hannunta. Ka duba halin da ta shiga. Mace 'yar gari idan aurenta ya mutu takan koma gidan ubanta, a ba ta ɗaki da tuwo. Katarina kuwa ba ta da gidan uba da za ta koma. Da ɗan albashin malanta ta riƙa ciyar da 'ya'yanta, ba ta bar makarantarta ba, ba ta kuwa bar Ubangijinta ba, ko da yake wanda ya cuce ta ma'aikacin mishan ne.

A 1850 wani Bajamushe mai wa'azi, Johannes Zimmermann, mutumin garin Gerlingen, ya iso ƙasar. Ya ga halinta da amincinta, ya aure ta a 1851. A nan kuwa dole mu faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Shugabannin mishan a Bazel suka husata, domin ya yi aure ba da izninsu ba, matar kuma 'yar Afirka ce, sakakkiya. Suka tsawata masa, suka sa masa sharaɗi kada ya kawo iyalinsa Turai. Mutanen nan masu himma ne cikin aikin bishara, amma cikin wannan abu sun auna 'yar'uwarsu da mudun duniya. Kada ka yi mamaki idan ka iske irin wannan a cikin ikilisiya, gama masu bi ma suna bukatar tuba. Zimmermann dai ya ɗauki tsawar, ya riƙe matarsa da daraja, suka zauna tare shekara 25, Allah kuma ya ba su 'ya'ya.

Ƙaura ba ta ƙare mata ba tukuna. A 1854 mutanen Osu suka ƙi biyan harajin da Ingila ta aza musu, jirgin yaƙi ya yi wa garin ruwan igwa, masu bi suka gudu zuwa Abokobi, arewa da Akra. Bayan 'yan shekaru kuma aka kai su Odumase, a ƙasar Krobo. Kowane wuri ta sauka takan tattara 'yan mata ta koya musu, ta kuma tara matan aure domin addu'a. Mijinta ya juya Littafi Mai Tsarki cikin harshen Ga. Ita kuwa ta riƙe gidan da aka yi wannan aiki a cikinsa. Daga baya aka sassauta sharaɗin nan, har ta taka ƙasar Jamus. A can mijinta ya rasu, a garinsu Gerlingen, cikin watan Disamba na 1876. Gwauruwar ta sake hawa jirgi, ta komo Gwalkwas, ta zauna cikin mutanen da ta yi wa hidima, har ta rasu a Osu cikin watan Janairu na 1891. Ƙasar da ta karɓe ta baƙuwa, ita ce ta rufe ta uwa.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

Wannan labari ba sabo ba ne a wurin Allah. Ka karanta Littafin Rut, za ka ga wata mace daga ƙasar Mowab, wadda mijinta ya mutu, ta bi surukarta Na'omi zuwa Baitalami, ta shiga kala a gonar Bo'aza domin su sami abinci. Bo'aza bai raina ta domin asalinta ba. Ya hana barorinsa su dame ta, ya ba ta wurin ci da sha, daga baya ya aure ta bisa ga ka'ida a gaban dattawa. Ita ce ta haifi Obida, kakan sarki Dawuda, sunanta kuma yana rubuce cikin asalin Yesu Kristi a sura ta 1 ta Bisharar Matiyu. Ashe Mai Cetonmu, bisa ga jiki, akwai baƙuwa cikin kakanninsa.

Shari'ar Musa ta umarci Isra'ila su ƙaunaci baƙo, ta kuma tuna musu da baƙuncin da su da kansu suka yi a Masar. Ubangiji Yesu kuma, a sura ta 25 ta Matiyu, ya nuna cewa a ranar shari'a zai lissafta abin da aka yi wa baƙo tamkar shi aka yi wa. Saboda haka wannan magana ba ta ladabi kaɗai ba ce. Magana ce wadda za a tambaye ka a kanta.

GARE KA, MAIGIDA

Idan matarka daga wata ƙasa ko wata kabila take, ka sani kai ne ubanta, kai ne wanta, kai ne danginta duka a wurin nan. Mugun miji yakan ce a ransa, wa zai tambaye ni, tun da ba ta da kowa? Amma tana da Allah, shi kuwa yana gani. Kada ka yi mata gori da asalinta sa'ad da kuka yi faɗa. Kada ka yi mata dariya a gaban mutane idan ta karya harshe. Kada ka hana ta aika gaisuwa gida, ko zuwa ganin nata idan da hali, gama zumunta a ƙafa take. Ka bar ta ta koya wa 'ya'yanku harshenta. Bisa kome kuwa, ka riƙe alkawarin da ka yi a gaban Allah da jama'a. Ka duba mazan nan biyu na Katarina: ɗaya ya karya alkawari ya bar ta da kuka, ɗaya kuwa ya ɗauki zargin manyansa saboda ita. Wanne za ka zama?

GARE KU, SURUKAI DA MATAN IKILISIYA

Ke uwar miji, ki tuna ke ma wata rana an kawo ki gidan da ba ki sani ba. Idan miyar surukarki ta bambanta da taki, ki koya mata taku, ki kuma ɗanɗana tata. Ku matan ikilisiya, kada ku bar baƙuwa ta zauna ita kaɗai a bayan ɗakin sujada. Ku matsa mata wuri, ku nuna mata rijiya da kasuwa da ungozoma. Ranar da ta haihu, ku ne za ku dafa mata ruwan wanka, ku dama mata kunu, gama uwarta tana nesa. Idan mijinta ya cuce ta, dattawan ikilisiya su ji ƙararta da adalci, kada su goyi bayan namiji domin shi ɗan gari ne.

Akwai kuma wata irin baƙuwa wadda ba ta ƙetare ko rafi ba, wato macen da danginta suka juya mata baya domin ta bi Yesu. Ita ma haƙƙinta yana wuyanku, gama saboda sunan da kuke kira ne ta rasa gida.

GARE KI, 'YAR'UWA BAƘUWA

Wataƙila ke ce ake karanta wa wannan takarda, zuciyarki kuwa tana can gida. Ba laifi ba ne ki yi kewar uwarki da garinku. Amma kada kewa ta ɗaure miki hannu. Katarina ba ta jira a karɓe ta kafin ta fara aikin alheri ba; ta koyi harshen maƙwabtanta, ta koyar da 'ya'yansu, har waɗanda suka ce da ita baƙuwa suka koma suna ce da ita uwa. Ki koyi gaisuwar mutanen gari, ki shiga sha'aninsu na murna da na makoki, ki goyi 'ya'yanki cikin tsoron Ubangiji. Haƙuri kuwa ba shi ne ki ɓoye zalunci ba. Idan ana cutarki, ki faɗa wa dattawa da matan kirki na ikilisiya, gama ke ɗiya ce a gidan Allah, ba baiwar kowa ba.

KALMA TA ƘARSHE GA MAI BINCIKE

Ya kai wanda ba ka ba da gaskiya ba tukuna, ka san dalilin da ya sa masu bin Yesu ba su da ikon raina baƙo? Domin dukanmu baƙi ne a wurin Allah saboda zunubanmu, muna nesa, ba mu da gādo. Ɗan Allah kuwa ya baro ɗaukakarsa, ya yi baƙunci a duniya, har ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri, ya mutu a kan gicciye, ya tashi, domin ya shigar da mu cikin iyalin Ubansa. Wanda aka buɗe masa ƙofa haka, yaya zai rufe tasa? Ka zo gare shi yau, za a karɓe ka. Sa'an nan ka tashi ka duba cikin unguwarku, ka ga wace ce ba ta da kowa, ka fara da ita.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mai kiyaye baƙi da gwauraye da marayu, muna gode maka saboda baiwarka Katarina, da dukan matan da suka bar ƙasarsu suka gina gidaje a cikinmu. Ka gafarta mana rainin da muka yi musu. Ka ba mazaje aminci, ka ba surukai tausayi, ka ta'azantar da masu kewar gida, har ran da za ka tattara mu daga kowace kabila da kowane harshe a gabanka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.