Ilimin da Ba Ya Shiga Kwamfuta

A ƙananan asibitocin Doguwa da Tudun Wada, kamar sauran sassan Nijeriya, duk ƙarshen wata ana tattara alƙaluma a tura su manhajar DHIS2: yara nawa aka yi wa riga-kafi, mata nawa suka zo awo. Amma ma'aikaciyar da ta daɗe a wurin ta san abin da ya fi alƙaluman daraja. Ta san rugar da ke gefen dajin Falgore wadda sai an fara gaida arɗo kafin a ga yaro ko ɗaya. Ta san hanyar da ruwa ke yankewa a watan Agusta. Wannan duk yana cikin kanta, ko an buɗe mata zauren WhatsApp an ce kowa ya rubuta abin da ya sani.

Rowa ce? Kafin mu yanke hukunci, mu duba dalilanta.

Na farko tsoro. Wanda yake aikin wucin gadi ya san abin da ya riƙe shi a kujerarsa shi ne ba a iya yi sai da shi. Ranar da ya zazzage komai, ya sauƙaƙa wa mai son maye gurbinsa. Na biyu, rubutu shaida ne. Kuskuren da aka faɗa da baki yakan zama darasi, wanda aka rubuta kuwa yakan zama takardar tuhuma. Na uku, sau da yawa datar daga aljihunsa take fita, yabon kuma ya tafi ofishin maigida. Na huɗu shi ne wanda Michael Polanyi ya yi bayani a 1966: ɗan Adam ya san fiye da abin da bakinsa zai iya faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lalle ya iya zana maka taswira ba.

Duk da haka uzuri yana da iyaka. Ilimin nan a bakin aikin jama'a aka same shi, daga mutanen da suka yarda da ita. In an yi mata canjin wurin aiki ta tafi da shi, yaron rugar can ne zai rasa allura, ba shugabanta ba. Musulunci ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye ilimin da ake buƙata. Sirrin marar lafiya kam amana ne, a ɓoye shi. Hanyar zuwa wurinsa kuwa amana ce da sai an miƙa ta ake sauke ta.

Sai dai nauyin ba a kanta kaɗai yake ba. Shugaban da ke son ma'aikata su buɗe ciki, ya fara tabbatar musu cewa wanda ya koyar ba zai rasa abincinsa ba, wanda ya faɗi kuskurensa ba za a tozarta shi ba, kuma za a ambaci sunan mai ilimi. Manhaja rumbu ce kawai. Manomin Kiru ba ya zuba masararsa a rumbun da bai san wanda ke riƙe da makullinsa ba.