Rijiyar Ishaku

Ɗan'uwa mai karatu, kwana nawa ke nan ba ka gaisa da maƙwabcinka ba? Akuyarsa ta shiga gonarka, ko matarsa ta riga matarka jefa guga a rijiya, shi ke nan zumunci ya yanke.

A ƙasar Arewa, daga Matankari har Tibiri, Ba'are da Bafillace taubasai ne. Wannan ya ce wa wancan bawansa, a yi dariya, a sha fura tare. Yau kuwa magana ɗaya a wayar salula ta isa a raba gida biyu.

Karanta Farawa 26. Ishaku ya haƙa rijiya a kwarin Gerar, makiyaya suka ce tasu ce. Ya haƙa ta biyu, suka sāke tā da faɗa. Wanda ya taɓa haƙa rijiya ya san zufar da aka ƙwace masa. Amma ya matsa gaba, ya haƙa ta uku. Daga baya sarki Abimelek da kansa ya zo neman sulhu.

Ubangiji Yesu, da aka zage shi, bai rama ba, domin zunubanka da nawa yake ɗauke da su. Kafin ka tafi sujada ran Lahadi, bi ta ƙofar maƙwabcin nan, ka yi sallama (Matiyu 5:23-24).